Bayan An Cire Jijiyar Haƙori: Ciko Mai Zare Ko Hula?

Ranar da aka gama cire jijiyar haƙori, ciwo ya lafa, mutum ya samu barci, a nan yawancinmu muke ɗauka magani ya ƙare. A wurin likita kuwa da sauran aiki. Abin da ke bakinka a ranar haƙori ne da aka fafe tun daga sama har ƙarshen saiwa, aka toshe saiwar da wani ƙaro da ake kira gata-faca, aka liƙe bakin ramin da cikon wucin gadi. To da me za a yi masa rufin dindindin? Shekara da shekaru amsar likitoci guda ce idan matauni ne: a sa masa hula, wadda suke kira kirawun. Yanzu an samu wani farin ciko da aka cuɗa da zare, kuma kana iya zama a kujerar likita a Kano a ce ka zaɓa. Tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce, haka ma tazarar abin da za a yi wa haƙorin.

Gara in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ba aljihu ya kamata ya fara magana ba, ba kuma ɗokin sabon kaya ba. Yawan abin da ya rage na haƙorin shi ne alƙali. Kafin ka tambayi farashi, ka tambayi likita bango nawa ya rage, kuma yaya kaurinsu.

An daɗe ana cewa haƙorin da aka cire wa jijiya bushewa yake yi, shi ya sa yake fashewa. Gwaji bai goyi bayan wannan magana sosai ba. A 1989 wasu masu bincike a Amurka, Reeh da Messer da Douglas, sun auna taurin haƙoran da aka cire daga bakin mutane, irin ƙananan mataunan da ke bayan fiƙa. Aikin cire jijiya shi kaɗai kashi 5 cikin 100 ya rage wa haƙori. Rami a tsakiyar samansa ya rage kashi 20. Amma da aka yi ramin da ya ratsa daga gaba zuwa baya, ya cinye bangayen nan biyu da haƙori yake jingina da maƙwabtansa, sai taurin ya faɗi da kashi 63. Ashe matsalar ba rashin jijiya ba ce, rashin jiki ce.

Matauni bango huɗu gare shi: na wajen kunci, na wajen harshe, da biyu masu kallon maƙwabta. Muddin suna haɗe, kowanne yana riƙe ɗan'uwansa. Da zarar ruɓa ta cinye biyun tsakiya, duk tauna ɗaya tana tura ragowar biyun waje, ɗaya kudu ɗaya arewa, har ranar da ɗaya zai tsage. Mu kuma a garin nan ba mu cika zuwa asibiti ba sai kumatu ya kumbura, bayan an gwada kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin kemis. Kafin a kai ga likita, ruɓa ta riga ta ci bango ɗaya ko biyu. Sannan a dubi abin da muke ɗora wa haƙoran: goro, ƙuli-ƙuli, busasshiyar aya, rake, kilishi, guringuntsin tsire, ga tsakuwar da ke ɓuya a wake. Cizon babban mutum a matauni yana iya kai nauyin kilo 50 ko fiye, kuma haƙorin da ba shi da jijiya ba ya saurin gargaɗin mai shi cewa nauyi ya yi yawa.

Abin da zaren yake yi

Farin ciko na yau da kullum, kwamfozit, roba ce da aka cuɗa da garin gilashi. Likita ya shafa gam, ya danna ta cikin rami, ya haska mata shuɗiyar fitila, ta daskare. Tana mannewa da haƙori, launinta ya yi kama da nasa. Aibinta biyu ne. Tana tsukewa yayin daskarewa, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma a babban rami wannan tsukewar tana janyo bangaye ciki ko ta bar 'yar kafa a gefe. Na biyu, idan tsaga ta fara a jikinta, ba abin da zai tare ta, sai ta zarce, wani lokaci ta tafi da haƙorin har ƙasan dasashi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maginan ƙasa a cikin gari ya ga ba a kwaɓa ta tsura. Ana zuba mata ramno, ciyawar nan da ake daddatsawa, don idan gini ya bushe tsaga ta taso, ta ci karo da ciyawa ta tsaya ko ta karkata. Dabarar ke nan aka kawo cikin baki.

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko kwamfozit ne da aka riga aka cuɗa da gajerun zaren gilashi, tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, a warwatse ta kowace fuska. A birnin Turku na ƙasar Finland aka haɓaka shi, inda Farfesa Pekka Vallittu da abokan aikinsa suka daɗe suna nazarin zare a kayan haƙori, kuma kamfanin GC na Japan ya fito da shi kasuwa da sunan everX Posterior a 2013. Daga baya aka fito da mai ruwa-ruwa, everX Flow, wanda zarensa ya fi gajarta, yake malala ya cika lunguna. Na biyu ƙyalle ne siriri da aka saƙa da zaren foliyetilin, wanda aka fi sani da sunan Ribbond, na Amurka, tun shekarun 1990. Irin zaren da ake yin rigar sulke da shi ne, shi ya sa almakashi na musamman ake yanka shi da shi. Likita yana yanko ɗan guntu, ya shimfiɗa a ƙasan rami ko ya zagaya bangaye da shi ta ciki, sannan ya cika.

Ko wanne aka yi amfani da shi, zaren ba ya zama a waje. Ciki yake zama, a madadin ƙashin haƙori na ciki da aka rasa, sai a lulluɓe shi da farin ciko na yau da kullum mai kaurin milimita 1 zuwa 2. Idan aka bar shi a fili zai yi kaushi, datti ya maƙale, ya lalace. Saboda haka idan ka duba madubi bayan an gama, ba za ka ga bambanci da cikon da ka saba gani ba. Wannan ma dalili ne na ka nemi a faɗa maka sunan kayan da aka sa, a rubuta a katinka.

Babbar falalarsa ita ce ba a taɓa lafiyayyen jikin haƙori. Abin da ruɓa ta bari, shi za a bari. Zama ɗaya ake yi, ba awo, ba jiran masu ƙira, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwar Kwari da ba ya son rufe shago sau biyu, ko wanda ya taso daga Gwarzo ko Rano. Idan gefe ya ɓantare bayan shekaru, ana iya gyara wurin kaɗai. Idan saiwa ta sake ciwo aka buƙaci komawa ciki, huda ciko ya fi huda hula sauƙi.

Akwai kuma abin da ni ya fi burge ni. A gwaje-gwajen da ake danna haƙori da inji har ya fashe, waɗanda aka cika da zare sun fi yawan fashewa ta sama, inda za a iya gyarawa, maimakon tsagar da ke gangarawa cikin saiwa. Kowane ciko yana da ranar ƙarewa. Tambayar ita ce ranar da ya ƙare, zai bar maka haƙori ko zai tafi da shi.

Sai dai kada a ɗauke shi fiye da matsayinsa. Mafi yawan hujjarsa daga ɗakin gwaji take, a kan haƙoran da aka cire. Bibiyar da aka yi a bakin mutane ta 'yan shekaru ce, kuma mutanen ba su da yawa, ko da yake sakamakon ya yi kyau. Hula kuwa an bibiye ta gomman shekaru. Bayan haka, aikin yana bin hannu ƙwarai. Gam ba ya shiri da yawu ko jini. Idan ɗigo ɗaya ya shiga lokacin da ake liƙawa, mannewar ta raunana, kuma ba wanda zai gani sai bayan shekara guda ko biyu. Maganin wannan tsoho ne, tun 1864 aka ƙirƙiro shi: shimfiɗar roba da ake hudawa a fito da haƙorin shi kaɗai, a raba shi da sauran baki. Likitan da zai yi maka ciko mai zare a matauni ba tare da ita ba, sai da auduga kawai, ni dai ba zan zauna ba. Farin ciko kuma yana ɗaukar launi. Mai cin goro da mai shan baƙin shayi za su ga gefensa ya yi ja da sauri. A matauni wannan ba komai ba ne, a haƙorin gaba abin dubawa ne.

Hula, da abin da take ci

Hula tana zagaye haƙori gaba ɗaya ta ɗaure bangayen wuri guda, nauyin tauna ya sauka a kanta ba a tsakaninsu ba. Wannan ɗaurin ciko ba ya yin sa daga ciki, komai yawan zarensa. Kada a haɗa ta da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi, wancan na ado ne. Wannan ana auna bakinka, a ƙera ta daidai da haƙorin, ko da ƙarfe zalla, ko ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran, ko zikoniya, wani farin abu mai tsananin tauri da ya yi tashe a 'yan shekarun nan.

Hujjarta tana da nauyi. A 2002 Aquilino da Caplan a Amurka sun bi bayanan marasa lafiya, suka samu cewa haƙoran da aka cire wa jijiya ba a sa musu hula ba sun fi saurin salwanta da ninki 6. A 2005 wani bincike a Tailan ya bi matauna 220 da ba a sa wa hula ba. Bayan shekara 1, kashi 96 suna lafiya. Bayan shekara 2, kashi 88. Bayan shekara 5, kashi 36 kacal. Amma a cikinsu, waɗanda jikinsu ya rage sosai, kashi 78 sun kai shekara 5 lafiya. Ka ga maganar bango ta sake dawowa. Kuma duka binciken biyu an yi su ne kafin everX Posterior ya shigo kasuwa.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi a irin waɗannan alƙaluma. Likita ba ya ɗora hula mai tsada a kan haƙorin da yake shakkar zai rayu, kuma mai iya biyan hula shi ne yawanci mai iya dawowa asibiti a kan lokaci. Wani ɓangare na nasarar hula daga nan yake. Shi ya sa da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya da ƙuri'a a 2015, guda ɗaya tak ta samu da ya cancanta, na mutum 117 masu ƙananan matauna, ta ce hujja ba ta isa a fifita hula a kan ciko ko ciko a kan hula ba.

Kuɗin hula ba na aljihu kaɗai ba ne. Kafin ta zauna sai an goge haƙorin ta kowane gefe. Edelhoff da Sorensen sun auna a 2002 cewa gyaran cikakken haƙori don hula yana cinye kamar kashi biyu cikin uku na ɓangaren da ke saman dasashi, wani lokaci fiye. Yanzu ka ɗauki mataunin da bangayensa huɗu suke tsaye, ƙaramin rami kawai aka yi a sama don a kai ga jijiya. An fafe shi ta ciki, a zo kuma a goge shi ta waje, sai bango ya koma ɗan siriri a ƙarƙashin hular. A irin wannan haƙori hula ɓarna ce. Abin da aka goge ba ya dawowa.

Tana kuma da nata sharaɗin. Dole a samu lafiyayyen haƙori aƙalla milimita 1.5 zuwa 2 a saman dasashi, zagaye, wanda gefen hular zai kama. Idan babu, hular za ta riƙa faɗuwa ko saiwa ta tsage. Idan kuma gefenta bai zauna daram ba, abinci ya riƙa shiga, ruɓa ta ci ta ƙarƙashi, ba jijiyar da za ta kai ƙara. A nan ingancin mai ƙira ya kai na likita muhimmanci.

Mutane da yawa ba su san akwai tsaka-tsaki ba. Ana iya rage tsinin haƙori ta sama kamar milimita 2, a bar gefensa, a ƙera rabin hula da za ta rufe saman kaɗai a liƙa da gam. Akwai wata mai ɗan gindi da ke shiga ɗakin da jijiya ta bari, wadda Bindl da Mörmann suka bayyana a 1999, ta fi dacewa da manyan matauna. Likita mai hannu ma yana iya yin wannan rufin saman da kwamfozit a zama ɗaya, zare a ƙasa, farin ciko ya hau kan tsinayen ya rufe su. A ganina, ga mataunin da ya rasa bango biyu amma ragowar suna da kauri, wannan ne wurin da ciko mai zare ya fi nuna amfaninsa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Turken da ake kafawa cikin saiwa ba ya ƙara wa haƙori ƙarfi, riƙe ciko kawai yake yi idan ba bangon da zai riƙe shi. Manyan matauna ba su cika buƙatarsa ba. Idan dole ne, na zaren gilashi ya fi na ƙarfe sassauci ga saiwa. Baƙin ciko kuwa, amalgam, yana da araha da juriya kuma ba ya tsoron danshi kamar fari, amma ba ya mannewa da bango balle ya riƙe shi. Kusan rabinsa zaiba ne, duniya tana janyewa daga gare shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi daga farkon 2025 sai da lalura.

To wa zai ɗauki me

Haƙorin gaba da ba a rasa komai ba sai ramin bayansa, farin ciko ya ishe shi, ko zare ma ba lallai ba. Idan ya yi duhu, akwai maganin da ake sawa ta ciki ya haskaka shi, ba sai an goge shi ba. Mataunin da ke da bango huɗu ko uku masu kauri, kamar milimita 2 ko fiye, nan ne gidan ciko mai zare. Mai bango biyu, sai an rufe samansa, ko da rabin hula ko da kwamfozit a kan zare. Mai bango ɗaya ko babu, ko wanda aka riga aka ga tsaga a jikinsa, hula ce, kuma zare a nan sai dai ya zama abin da za a gina ciki da shi kafin a ɗora ta.

Ƙananan mataunan sama sun fi kowa saurin rabewa biyu, saboda tsini biyu gare su da kwari a tsakani, ga siririn wuya. Da su ba na son caca. Haka wanda yake gurza haƙora cikin barci, ko wanda ya rasa haƙoran maƙwabta har wannan ɗin ya ɗauki nauyin gefen duka, ko haƙorin da za a rataya wa na roba. Duk waɗannan su matsa wajen hula ko da bangonsu ya yi kyau. Yaro ɗan shekara 13 ko 14 kuwa, wanda dasashinsa bai gama zama ba, ciko mai zare zai riƙe masa wuri har ya girma a sake dubawa.

Sau da yawa za ka ji ana irin wannan musayar. "Likita, ai ciwon ya tafi, a bar shi haka sai bayan salla." "Hajiya, abin da ke ciki na 'yan makonni ne, ba zai kai ki salla ba." Gaskiyar likita ce. Cikon wucin gadi yana zaizayewa, yawu ya sauka kan gata-faca, ƙwayoyin cuta su koma saiwar da aka sha wahalar wankewa. Wani bincike na 2016 a Amurka ya nuna haƙoran da aka jinkirta sa wa hula fiye da wata 4 sun fi fuskantar cirewa kusan ninki 3. Mafi munin zaɓi a duk wannan lissafi ba ciko ba ne ba hula ba, jira ne.

Nan ne kuma zare yake warware wa mutane da yawa matsala. Kayan nan duka daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, hula kuma tana da ƙarin kuɗin masu ƙira. Wanda ya gama biyan aikin jijiya sau da yawa ba abin da ya rage masa. Maimakon ya tafi da na wucin gadi, a yi masa ciko mai zare yanzu, a rage tsinayen da suka raunana, idan hali ya samu a goge gefe a ɗora hula a kan cikon nan, ba sai an cire shi ba. Kuɗin farko bai tafi a banza ba. Daga ciko ana iya zuwa hula, daga hula ba a komawa ciko.

Ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya za ka je, inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero suke samun horo, ko a asibitin kuɗi a Nassarawa ko titin Gidan Zu, tambayoyin ba sa canzawa. Ka nemi a nuna maka haƙorin a madubi ko a hoto bayan an cire na wucin gadi, ku ƙirga bangayen tare. Ka tambayi ko suna da zaren a hannu, wane iri, kuma ko wa'adinsa bai wuce ba, don kayan kwamfozit ba sa son zafi irin na watan Afrilu a Kano. Idan ba su da shi, wannan ba laifi ba ne, rabin hula ko hula da aka yi da kyau ta fi zaren da aka sa cikin yawu. Ka kuma tabbatar likita ne mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa.

Kafin ka tashi daga kujera za a ba ka wata takarda mai launi ka ciza. Kada kunya ta sa ka ce ya yi idan kana jin wannan haƙorin yana riga sauran haɗuwa, domin ɗan tudun nan shi zai riƙa karɓar duka nauyin bakinka. A goge shi nan take, ko ka dawo bayan allurar ta sake ka. Bayan shekara guda a ɗauki hoton saiwar a ga ko ƙashin da ke gindinta ya warke. Idan kafin nan ka fara jin tsinin zafi lokacin da ka saki cizo, ko wani ƙurji ya fito a dasashi kusa da haƙorin yana tsatsafo da ruwa, ka koma a makon, domin tsagar da aka kama a sama ana iya ɗaure ta da hula, wadda ta kai saiwa kuwa sai cirewa.